Wai da gaske an soke dokar kula da nakasassu?

Umm Sadiƙ (Jidda): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu sani ku taimake ni da gaskiyar magana. Tun jiya ake ta yawo da wani saƙon murya a zaurukan mata, wata baiwar Allah tana cewa wai an soke dokar kula da nakasassu ta nan Saudiyya, har majalisar da ke sa ido a kan gidajen da ake kai su an rushe ta, yanzu kowa tasa ta fisshe shi. Abin da ya ɗaga min hankali shi ne Sadiƙ ɗina. Shekararsa 9, ba ya tafiya, magana ma sai 'yan kalmomi, shalal dimagi, wato shanyewar jiki daga ƙwaƙwalwa, likitoci suka ce tun haihuwa. Akwai wani markaz, wato cibiyar kula da yara masu nakasa, da nake kai shi da safe in ɗauko shi bayan azahar. Ranar Laraba ina cire masa riga sai na ga shatin yatsu a damtsensa, guda huɗu a jere, wurin har ya yi baƙi. Na koma na tambaya, aka ce wai daga kujera ya faɗo. Faɗuwa tana barin shatin yatsu? In har babu doka yanzu, wa zan kai wa kukana?

Hajiya Kulu (mai kula da zaure): Wa alaikumus salam. Subhanallah, Allah ya ba shi lafiya, ya saka masa. Abu Rayyan, kana kusa? Wannan fagenka ne.

Sani Direba (Riyad): Saƙon muryar nan na ji shi. Matar da ta yi shi ce dai ta ce za a raba iƙama, takardar izinin zama, kyauta bayan Hajji. Har yau muna jira.

Abu Rayyan (Makka): Gani nan, Hajiya. Umm Sadiƙ, kwantar da hankalinki, matar nan ta ɗauko gaskiya biyu ne ta dama su wuri ɗaya. Tsohuwar dokar, Nizamu Ri'ayatil Mu'awwaƙin, ta fito ne a shekarar 1421, wato ƙarshen 2000, kuma a cikinta aka tanadi Majalisar Ƙoli ta Al'amuran Nakasassu. Wannan majalisar da gaske an rushe ta, amma ba jiya ba. A watan Janairun 2015 ne, kwanaki kaɗan da hawan Sarki Salman mulki, lokacin da aka rushe majalisu da dama a rana ɗaya, har da ta man fetur da ta tattalin arziki. A 2018 aka kafa hukumar kula da masu nakasa a madadinta, Hai'atu Ri'ayatil Ashkhas Zawil I'aƙa. Ita kuma tsohuwar dokar an ajiye ta ne saboda sabuwa ta fito a watan Safar 1445, Agustan 2023, sunanta Nizamu Huƙuƙil Ashkhas Zawil I'aƙa. Sabuwar ta fi tsohuwar haƙora nesa ba kusa ba. Wanda ya ci zarafin mai nakasa a jikinsa yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara biyu, ko tarar da ta kai riyal 500,000, ko a haɗa masa duka. Ban da wannan akwai dokar kariya daga cutarwa ta 2013, da lambar 1919 da ake kai rahoto. Kenan ba a bar ki babu ƙofa ba.

Sani Direba (Riyad): Da ka ce Hai'a sai da gabana ya faɗi, na ɗauka waccan Hai'ar ce ta hisba da ke kora mutane masallaci a da.

Umm Sadiƙ (Jidda): Alhamdulillah. Allah ya saka da alheri Abu Rayyan. Wallahi jiya ban runtsa ba.

Malam Bala (Madina): Ku yi haƙuri da kurakuran rubutu, waya nake faɗa wa tana rubutawa, ni makaho ne kamar yadda wasunku suka sani. Abu Rayyan ya faɗi daidai, amma ya bi ta kan wani wuri da gudu. Daga 2015 zuwa 2018 shekara uku ke nan. A cikin shekara ukun nan wa ya lura babu majalisar? Ni dai ban lura ba, kuma ni aka yi ta domina. Abin da za a rushe shekara uku mai shi bai sani ba, sai a tambaya dama can me yake yi. Wannan ɗaya.

Na biyu, ku duba sunayen. Tsohuwa ta ce ri'aya, kulawa, kamar yadda ake kula da jariri ko tsoho. Sabuwa ta ce huƙuƙ, haƙƙoƙi. Bambancin ba ƙarami ba ne a wurinmu. Kulawa in an yi maka ka gode, in ba a yi ba ka yi haƙuri. Haƙƙi kuwa in an hana ka, ƙara kake kaiwa. Sai dai ita hukumar da za ta tsaya a kan haƙƙin har yanzu sunanta hukumar ri'aya. Ban ce laifi ba ne, na dai lura ne.

Hajiya Kulu (mai kula da zaure): Malam Bala mun gode. Ina tunatar da kowa, a tsaya a kan batu, a kuma kiyaye harshe. Kun san inda muke zaune.

Baba Alhaji Ɗanjuma (Shara Mansur): Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ke rubuta min. Shekarata 46 a Makka, kuma kafin nan na yi wayo a Kano. Ni duk wannan lissafin doka kaza ta tafi doka kaza ta zo bai dame ni ba, ko duka aka soke ba abin da zai ragu a gidana. Ƙanwata Allah ya jiƙanta kurma ce kuma bebiya, shekara sittin da wani abu ta yi a duniya, ba ta taɓa kwana a hannun bare ba. Daga ɗakin uwarmu sai ɗakin matata. Wace hukuma ce ta zo duba ta? A Kano makafi suna da sarkinsu, guragu suna da nasu, kutare ma haka, in an zalunci ɗayansu sarkinsu ne zai tashi har fada. Yanzu an ɗauki yaro an miƙa wa wanda bai haife shi ba, ana biyan kuɗi, sannan ana neman wani na uku da zai zo ya tsare na biyun. Gobe kuma a nemo na huɗu ya tsare na ukun. 'Yata Umm Sadiƙ, ba faɗa nake miki ba, amma ki dawo da yaronki gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Umm Sadiƙ (Jidda): Baba, Allah ya ƙara girma. Da ina da uwa ko kishiya ko ƙanwa a kusa da ban kai shi ko'ina ba. Tun da aka rushe unguwannin Karantina da Sabil kowa ya watse, maƙwabtan da muka yi shekara ashirin tare yanzu sai a waya. Ni kaɗai ce, ga ƙannensa biyu. Kuma Baba a markaz ɗin ne ya koyi riƙe cokali. Shekara bakwai yana gida bai iya ba.

Malam Haruna (Jami'ar Musulunci, Madina): Baba, da izininka zan ɗan saɓa maka, ba don na fi ka sani ba. Maganar a sa ido a kan mai riƙo ba Turawa suka kawo ta ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 6, Allah yana magana da waliyyan marayu, waɗanda galibi baffanni ne da kawunnai, jininsu ɗaya da yaron. Duk da haka ya ce idan za ku miƙa musu dukiyarsu ku kafa shaidu. Bai ce ai ɗan'uwa ne, a bar shi da tsoron Allahnsa ba. In dukiyar mai rauni tana buƙatar shaida, jikinsa fa? Kuma malaman tarihi sun kawo cewa Khalifa Walidu ɗan Abdulmalik ya sa wa kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai hidima, daga baitulmali, ya kuma yanka wa kutare abin da zai ishe su don kada su yi bara. Hukuma ce ta shiga, tun ƙarnin farko na hijira. Su kansu sarakunan makafi da ka ambata ai sa ido ne, sunan ne kawai ya bambanta. Bambancin, wanda ba ya magana kamar Sadiƙ ba shi da sarki, don ba zai iya zuwa ya faɗi abin da aka yi masa ba.

Baba Alhaji Ɗanjuma (Shara Mansur): Malam, aya ba a jayayya da ita. Amma shaidun da ayar ta ce ai mutanen unguwa ne, waɗanda suka san ka suka san ubanka. Ba wani yaro mai takarda a hannu ba da zai shigo maka gida yana leƙa ɗaki.

Sani Direba (Riyad): Baba ka yafe ni, mutanen unguwa ba su san da gidan marin Rigasa ba? A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fasa shi a Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Bayan nan aka fasa wasu a Daura da Katsina. Waɗanda ke ciki iyayensu ne suka kai su da hannunsu suna biyan kuɗin abinci, wasu ma ba shaye-shaye suke ba, taɓin hankali ne. Unguwa tana jin ihu shekara da shekaru ana cewa gyaran tarbiyya ake. Yaro mai takarda a hannun ne dai ya buɗe ƙofar a ƙarshe.

Hajiya Kulu (mai kula da zaure): Sani, a hankali da Baba.

Sani Direba (Riyad): Tuba nake Hajiya. Baba ubana ne.

Anti Rabi Nas (Jidda): Yanzu na fito daga aiki na tarar da zancen ya yi nisa. Bari in ba ku labarin inda aka gwada wannan abin har ƙarshensa, don kafin aure ya kawo ni nan na yi shekara shida ina aikin kula da masu lalura a Bronx, a jihar Niyok ta Amurka. 'Yan Afirka ta Yamma da yawa wannan aikin suke yi a can.

Su nasu tarihin daga abin kunya ya faro. Akwai wata makarantar gwamnati mai suna Willowbrook a Staten Island, an cusa mata dubban yara masu lalurar ƙwaƙwalwa fiye da abin da za ta iya ɗauka. A 1972 aka shiga da kyamara aka nuna a talabijin, yara tsirara a ƙasa cikin ƙazanta. Sai 1987 aka rufe ta gaba ɗaya, aka koma ƙananan gidaje a cikin unguwanni. An ɗauka an gama. A 2007 wani yaro ɗan shekara 13 mai galahanga, abin da nan ake ce wa tawahhud, ya mutu a cikin mota a hannun ma'aikacin da ke kula da shi, danne shi ya yi har numfashi ya ɗauke. A 2011 jaridar New York Times ta yi ta tono yadda ma'aikacin da ya daki mara lafiya a wannan gida ake mayar da shi wancan gida ya ci gaba da aiki. Wannan ne ya sa Gwamna Andrew Cuomo ya sa hannu a dokar kare masu buƙata ta musamman a 2012, aka buɗe hukumar da ake kira Justice Center a ƙarshen watan Yunin 2013.

Yadda take aiki: akwai layin waya dare da rana. Duk ma'aikaci dole ne ya kira idan ya ga alamar duka ko sakaci, in ya yi shiru shi ma ya shiga ciki. Akwai kundin sunayen waɗanda aka tabbatar sun yi mummunan laifi, in sunanka ya shiga ba za ka sake aikin kula da masu lalura a jihar ba. Ni da kaina na taɓa kira. Wata mata ce da nake wa wanka na ga ƙuna a cinyarta, ruwan zafi ne aka sakar mata ba a gwada ba. Shugabar gidan ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata, amma daga ranar aka sa ma'aunin zafi a kowane banɗaki.

To ga inda abin yake da ɗaure kai. Akwai masu kiran a soke dokar a rushe hukumar, kuma kashi biyu ne da ba sa ga maciji da juna. Wasu iyaye suna cewa hukumar ta zama labule: maimakon a kira 'yan sanda kai tsaye, sai a kira ta, magana ta mutu a cikin fayil, kuma gwamnati ce ke binciken gidajen gwamnati, an ba kura ajiyar nama. Ma'aikata kuma suna cewa ta yi tsanani, ƙaramin zargi sai a dakatar da kai ana bincike, ga albashin dama ba wani abin kirki ba, shi ya sa mutane ke gudun aikin. Kowa na cewa a soke, amma abin da ɗaya ke so a sa a wurin shi ne abin da ɗayan ke gudu.

Abu Rayyan (Makka): Anti Rabi wannan darasi ne. To an soke ta?

Anti Rabi Nas (Jidda): Ba a soke ba, amma an cire mata haƙori ɗaya. Dokar ta ba ta mai gabatar da ƙara nata na kanta, wanda gwamna ke naɗawa. A watan Maris na 2021 babbar kotun jihar ta ce wannan ya saɓa wa tsarin mulkinsu, don gurfanar da mai laifi aikin lauyoyin gundumomi ne da jama'a suka zaɓa. Layin waya da bincike da kundin sunaye suna nan.

Malam Bala (Madina): Anti, ni ina bayan iyayen nan. Wanda ke ba da lasisi, shi ke biyan kuɗi, shi kuma zai binciki kansa? Ko ni makaho na hango inda za a ƙare.

Anti Rabi Nas (Jidda): Malam Bala ban ƙi taka ba. Amma na yi aiki da tsofaffin ma'aikata da suka ga zamanin da babu layin. Suka ce da in ka ga abu, wurin shugabar gida za ka kai, ita kuma abin da ya dame ta kada sunan gidanta ya ɓaci. Ni dai in aka ce in zaɓa tsakanin mai gadi mai gyangyaɗi da ƙofa a buɗe, zan riƙe mai gadin in yi ta zungurinsa. Wanda ya ce a soke, ya fara nuna min lambar da zan kira ranar da aka soke.

Usman Mai Wurno (Jidda): Salam 'yan'uwa. Ina karantawa tun ɗazu ban so sa baki ba, amma maganar ƙofa a buɗe ta taɓa ni. Mu a Sudan babu wanda ya zauna a majalisa ya soke mana doka. Muna da ita, ta 2009, aka sake ta a 2017, akwai majalisar ƙasa ta nakasassu, mun sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, wadda Saudiyya ma ta shiga a 2008. Ranar 15 ga Afrilun 2023 harsashi ya soke su duka ba tare da an goge ko harafi ɗaya ba. Kun ji labarin gidan marayu na Maigoma a Khartum. Ma'aikata suka kasa zuwa, wuta ta ɗauke, madara ta ƙare, yara gommai suka mutu, cikinsu har da masu nakasa, kafin Red Cross ta kwashe kusan 300 zuwa Wad Madani a watan Yuni. Watan Disamba yaƙi ya iske Madanin, aka sake kwashe su.

Baba Ɗanjuma, maganarka ta dangi gaskiya ce, a hanyar gudu dangi ne suka goya guragunsu, ni na goya yayana a baya har muka sami karo mai jaki. Amma na ga kuma gidan da aka kulle tsohuwa mai shanyewar ɓarin jiki aka ajiye mata ruwa a bokiti aka ce za a dawo. Ba mugaye ba ne, mutanen kirki ne, mota ce ba ta da wuri. Da akwai wanda ke riƙe da sunayen irin waɗannan, ya san gida kaza akwai wadda ba ta iya tashi, da wataƙila an koma. Babu wanda ya rubuta, babu wanda ya tambaya.

Malam Haruna (Jami'ar Musulunci, Madina): Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya kawo wa Sudan sauƙi.

Baba Alhaji Ɗanjuma (Shara Mansur): Amin. Usman ɗana, Allah ya biya ka goyon ɗan'uwanka. Wannan ba ni da ta cewa a kai.

Goggo Asabe (Makka): Ni tambayata ga Abu Rayyan ce, kuma kada a ce na ɓata zance. Duk wannan huƙuƙ ɗin na waye? Kai ɗan ƙasa ne, kana da hawiyya, katin ɗan ƙasa. Umm Sadiƙ tana da iƙama, mijinta na biya wa kowane kai riyal 400 a wata, Allah ya rufa asiri. To waɗanda ba su da ko ɗaya fa? Ba zan faɗi unguwa ba, amma na san ɗakin da yarinya budurwa take ɗaure da zane a ƙafar gado daga safe har uwarta ta dawo daga aikatau. An haife ta a nan, ba takardar haihuwa, ba ta taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa ba. Uwar ba muguwa ba ce, in ba ta ɗaure ta ba titi za ta fita. In na kira lambar da ka faɗa, taimako zai zo ko tarhil, wato a kore su daga ƙasar?

Abu Rayyan (Makka): Goggo, kin yi tambayar da ta fi ƙarfina, kuma ba zan yi miki daɗin baki ba. Tallafin wata-wata da gurbi a manyan cibiyoyin gwamnati, Marakizut Ta'ahilish Shamil, galibi na 'yan ƙasa ne. Hukuncin duka da cin zarafi kuwa bai ce sai wanda aka daka ɗan ƙasa ne ba, laifi laifi ne. Amma in ce miki kira ba zai tono maganar takardu ba, wannan alkawari ne da ba ni da ikon ɗauka.

Goggo Asabe (Makka): To ka ga ni. Mu tamu dokar a soke take tun ba a rubuta ta ba.

Sani Direba (Riyad): A gida ma ai haka ne Goggo. Buhari ya sa hannu a dokar nakasassu a Janairun 2019, aka ba gine-gine shekara biyar su yi hanyar keken guragu, aka ce kashi 5 cikin 100 na aikin gwamnati nasu ne. Wa'adin ya cika tun farkon 2024. Duk wanda ya je hutu ya ƙirga mana bankuna da sakatariyoyin da gurgu zai shiga ba a ɗauke shi ba.

Malam Bala (Madina): Sani ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Nan ma dokar ƙwadago ta ce duk mai ma'aikata 25 zuwa sama, in aikin zai yiwu, ya ba masu nakasa kashi 4 cikin 100. A lissafin Niɗaƙat kuma, tsarin da ke ƙirga 'yan ƙasa nawa kamfani ya ɗauka aiki, ɗan ƙasa mai nakasa ɗaya ana ƙirga shi a matsayin mutum huɗu. Niyyar mai kyau ce. Amma ina da aboki makaho ɗan ƙasa, wani kamfani ya ɗauki sunansa shekara biyu, ana turo masa ɗan abin da ake turowa, aka ce ba sai ya zo ba. Ranar da ya ce shi fa aiki yake so ya koya, sai aka ce babu kujera. Hukuma ta hana wannan, tana kuma kamawa in ta gano, amma wa zai kai ƙara? Shi da ake ba kuɗin zama? Shi ya sa nake cewa in za a yi sa ido, a sa mu a cikin masu zagayen. Ni da kunne kawai zan gane gidan da ake tsawa a cikinsa, ko da an share an fesa turare saboda baƙi.

Anti Rabi Nas (Jidda): Wannan gaskiya ne. Kuma zagayen da aka sanar da ranarsa ziyara ce kawai. Goggo Asabe, maganar yarinyar nan ki same ni ta gefe, kada a tattauna ta a zaure. Akwai abin da za a iya fara yi ba tare da an ɗaga waya ba, ko da mata biyu ne su riƙa karɓar zama da ita.

Goggo Asabe (Makka): To 'yata, zan neme ki bayan isha'i.

Umm Sadiƙ (Jidda): Jama'a na gode ƙwarai, amma ga inda nake. Na nuna wa Abban Sadiƙ duk abin da aka rubuta. Ya ce in bar kaza cikin gashinta. Markaz huɗu muka zaga kafin wannan ya karɓe shi a kuɗin da za mu iya, in muka yi ƙara suka ce mu ɗauke shi fa? Kuma ya ce mu baƙi ne, baƙo ba ya ɗaga murya. Ni kuma duk sanda motar ta tsaya a ƙofarsu sai yaron ya ƙanƙame min wuya, da ba ya haka.

Anti Rabi Nas (Jidda): Wannan ƙanƙamewar ita ce maganarsa, ki saurare ta. Kin ɗauki hoton wurin?

Umm Sadiƙ (Jidda): Na ɗauka ranar, guda uku.

Anti Rabi Nas (Jidda): Madalla. Kada ki goge, kada kuma ki saka a kowane zaure, a nan yaɗa irin wannan yana iya juyowa kanki. Gobe ki kai shi mustausaf, asibitin unguwa, likita ya gani ya rubuta, tun shatin bai baje ba. Sannan ki nemi ganin mudira, shugabar markaz ɗin, ba mai tsaron ƙofa ba, ki ce a rubuce kike son bayanin faɗuwar: ƙarfe nawa, wa ke ɗakin, me ya sa ba a kira ki ba. In akwai kyamara ki ce a duba ta ranar Laraba kafin ta goge kanta.

Abu Rayyan (Makka): Ki kuma duba bango wajen shiga, ya kamata takardar tarkhis ɗinsu, wato lasisi, tana rataye, da sunan ma'aikatar da ta ba su. Wanda ya ba da lasisin shi ake kai wa ƙorafi. In kuma babu lasisin sam, to Abban Sadiƙ ya sani ba su ke da abin tsoratar da ku ba. Ki ba shi lambata, zan yi masa magana namiji da namiji.

Baba Alhaji Ɗanjuma (Shara Mansur): Ni har yanzu ina kan bakana, ɗaki ya fi. Amma tunda za a je, kada ta je ita kaɗai, mace ɗaya raina ta za su yi. Babbar 'yata tana Jidda, Larabcinta ya fi na Larabawan, zan sa ta raka ku.

Anti Rabi Nas (Jidda): Ranar Lahadi ina da aikin dare, da safe ina nan. Umm Sadiƙ ƙarfe nawa suke buɗewa?

Umm Sadiƙ (Jidda): Bakwai da rabi. Amma mudirar ba ta zuwa sai wajen tara.

Anti Rabi Nas (Jidda): To mu isa takwas, ina so in ga ɗakin kafin ta zo. Ki taho da hotunan da takardar likita, shi kuma Sadiƙ ki bar shi gida ranar.

Sani Direba (Riyad): Wani ya tura wa mai saƙon muryar bayanin Abu Rayyan don Allah, kafin ta soke mana dokar tuƙi.

Hajiya Kulu (mai kula da zaure): An kira magariba a Makka. Usman, ka turo min girman keken da yayanka ke buƙata, akwai wata hajiya a Rusaifa da ke da ɗaya a ajiye.